Jirgin da ya ƙi rabuwa da ruwa

Ƙannena masu ƙera jiragen sama a cikin waya da kwamfuta, maza da mata, yau da ku nake magana. Na san abin da ake ce muku a gida: kun ƙura wa gilashi ido, kuna cinye caji, ba ku tsinana komai. Ni ma ina cikin masu faɗar haka, har wata la'asar da na zauna kusa da ɗan 'yar'uwata a zaure, na leƙa abin da ya hana shi amsa sallamata.

Ba wasan harbe-harbe yake yi ba. Wasan ya zube masa tarin kaya ne, fukafukai da injuna da farfela da tankin mai da gutsattsarin gangar jiki, shi kuma ya harhaɗa yadda ya ga dama, sa'an nan ya hau ya tuƙa. Irin waɗannan wasanni sun yi yawa yanzu. Akwai SimplePlanes, wanda kamfanin Jundroo na Amurka ya fitar a 2014, akwai Kerbal Space Program, akwai Stormworks, akwai kuma X-Plane mai ɗauke da sashen ƙera jirgi da ake kira Plane Maker. Mu da muka tashi muna ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, abin bai zama mana baƙo ba. Sai dai motar kara ba ta taɓa ce wa mai ita ya yi kuskuren lissafi ba. Ko a karkace take, ka ɗaura mata zare ka ja, za ta biyo ka. Naku kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Ka ɗora fiffike inda bai dace ba, a gaban idonka zai faɗo.

Ran nan jirgin sama mai tashi da sauka a kan ruwa yaron ya ƙera, irin wanda aka cire wa tayoyi aka sa masa 'yan kwale-kwale biyu a ƙafa. Ya sha fenti ja da fari, gwanin kyau. Ya ba shi wuta, jirgi ya kama keta ruwa yana watsa feshi, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ko ɗagawa bai yi ba. Yaro ya koma ya cire injin ya sa babba. Bai tashi ba. Ya ƙaro wani ya ɗora a saman fiffike. Wannan karon yana buɗe totur sai hanci ya soki ruwa, jela ta yi sama, jirgi ya kife. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wasan nan ne ba shi da kyau."

Wasan lafiyarsa lau. Hannun yaron ne ya saba zuwa wuri guda: duk abin da ya ƙi tafiya, a ƙara masa ƙarfi. Wannan hannun nake so in riƙe muku, don na gan shi a wurin manya ma, a gareji da gona da ofis. Ruwa ba ya tsami banza. Jirgin da ya ƙi tashi yana da dalili, kuma a jirgin ruwa-da-sama dalilin galibi yana ƙasa, inda ido ba ya zuwa, ba a cikin injin da kowa yake kallo ba.

Ku fara da sanin irin dabbar da kuka ɗauko. An ce taura biyu ba ta taunuwa, to wannan jirgi taura biyu yake tauna. Sai ya zama kwale-kwale na ƙwarai kafin ya zama jirgin sama, kuma abin da ya gyara ɗaya shi yake ɓata ɗayan. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Duk abin da ya nutse a cikinsa, ko tafin hannu ne, ana jansa baya da ƙarfin da iska ba ta da shi. Kwale-kwalen da suka ɗauke ku a ruwa kuwa, da zarar kun tashi sun zama kaya: nauyi ne, kuma suna tare iska. Saboda haka jirgi ɗaya in aka sa masa su, gudunsa da hawansa da kayan da zai ɗauka duk sai sun ragu. Ba a kauce wa wannan haraji, sai dai a rage shi.

Batun farko shi ne iyo, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba. Masuntan Argungu da suke kwanciya bisa gora a ruwa sun san shi da jikinsu, Arkimidis na Girka kuma ya tsara shi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce: abu yana iyo ne in ya ture ruwan da nauyinsa ya kai nasa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. In jirginka da mai da matuƙi ya kai kilo 1,200, sai ya ture lita 1,200, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 har guda 48. Amma in iyakar abin da kwale-kwalenka za su iya ke nan, to sun nutse har baki, ƙaramar igiyar ruwa ta ishe su. Shi ya sa dokar jiragen sama ta Amurka ta ce a yi musu rarar kashi 80 cikin ɗari bisa abin da ake bukata. Ga jirgin namu, lita 2,160 ke nan, kowane kwale-kwale 1,080. Ana kuma raba cikin kowanne ɗaki-ɗaki, aƙalla huɗu, yadda in ɗaya ya huje sauran za su riƙe. Ku ɗauki biro ku yi wannan lissafi kafin ku ja ko guntu ɗaya a wasan. Yawancinku da ido kuke aunawa, ku yi su ƙanana don su yi kyau a hoto, ko ku yi su ƙatti don tsoro.

Na biyu, inda nauyi ya zauna. Wasannin nan suna nuna muku 'yan ɗigo masu launi a jikin jirgi: cibiyar nauyi, cibiyar ɗagawar fukafukai, da layin da inji yake turawa. Kun riga kun san ƙa'idar jirgin sama mai tashi daga ƙasa, cewa cibiyar nauyi ta ɗan gabaci ta ɗagawa. A ruwa akwai ƙarin magana. Ku tuna mai tura baro: taya ta ci karo da dutse a ƙasa, shi kuma yana turawa daga sama, sai baro ya tuntsura gaba. Haka ruwa yake riƙe ƙafar jirgi a ƙasa, inji yana tura shi daga sama. Injin da ɗan 'yar'uwata ya ɗora bisa fiffike ya ƙara tsawon wannan hannun turawa ne, ya kuma ninka ƙarfinsa. Da hannunsa ya kifar da jirgin, yana zaton taimakonsa yake yi. Masu ƙera na gaske ma suna ɗaga inji sama, don feshin ruwa yana cin bakin farfela kamar tsakuwa, amma suna biyan kuɗin wannan dabara a wani wuri: su miƙa hancin kwale-kwale gaba sosai, su daidaita jela yadda za ta danne baya in an ba da wuta.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Jirgin nan ba ya tashi daga ruwa kai tsaye, hawa-hawa yake yi. Da farko yana tafe cikin ruwa kamar kowane kwale-kwale. In gudu ya ƙaru sai hanci ya ɗaga, ya tara tudun ruwa a gabansa yana turawa, kuma nan ne jan ruwa ya fi tsanani. In ya haye wannan tudu, sai ya daina nutso ya koma sulɓi a saman ruwa, jan ya ragu, gudu ya ƙaru har fukafukai su karɓe shi. Wanda ya taɓa ganin dinya za ta tashi daga tafki ya ga irin wannan, yadda take bugun ruwa tana tattaki kafin iska ta ɗauke ta. Jirgin yaron a gindin tudun nan ya maƙale.

Ba shi ne na farko ba. Bafaranshe Henri Fabre ne ya fara tashi daga kan ruwa da jirgi mai inji, ranar 28 ga Maris 1910, a tafkin Berre kusa da Marseille, da injin da ƙarfinsa doki 50 ne kacal, kuma kafin ranar bai taɓa tashi a jirgin sama ba. A Amurka, Glenn Curtiss ya tashi daga ruwa a San Diego a Janairun 1911. Amma da Curtiss ya zo a 1912 ya ƙera wanda cikinsa gaba ɗaya shi ne kwale-kwalen, sai jirgin ya manne wa tafkin Keuka na jihar New York ya ƙi tashi. Masu tarihin jirage suna ba da labarin yadda ya bi shi a kwale-kwale mai inji yana kallon yadda ruwa yake bin ƙasansa. Abin da ya warware matsalar shi ne yanka guda a gindin jirgin, kamar matakin bene, ta yadda rabin baya ya ɗan ɗaga sama da rabin gaba. Ruwa in yana gudu a ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen gindi mai lanƙwasa, tsotse shi yake yi ƙasa. Matakin nan yana sa ruwan ya rabu da jikin jirgin a daidai wurin, iska ta shiga bayansa, sai jirgi ya tsaya bisa ɗan ƙaramin wuri kamar mai ɗage. Har yau in kuka leƙa gindin irin waɗannan jirage za ku ga matakin, ɗan baya kaɗan da cibiyar nauyi. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne inda Curtiss ya zauna. Bai zauna a kan injin ba. Ya sauko gefe, daidai ruwa, ya kalla.

Haka na sa yaron ya yi. Na ce ya juya kyamarar wasan ya kalli jirgin daga gefe, ya bar kallonsa daga kujerar matuƙi. Nan take ya ga abin da ya ɓoye masa tun ɗazu. Kwale-kwalensa miƙaƙƙu ne kamar katako, gindinsu a shafe daga gaba har baya. Duk lokacin da ya ja sanda don hanci ya ɗaga, sai wutsiyoyinsu su danna cikin ruwa su mayar da shi. Fiffike kuwa in bai karkata ya fuskanci iska da 'yan digiri ba, ba zai ɗaga komai ba a wannan gudun. Ya cire injin da ya ƙara, ya mayar da ƙaramin na farko, ya tura kwale-kwalen gaba, ya ɗaga rabinsu na baya. Jirgi ya haye tudu, ya yi sulɓi, ya tashi. Da injin da aka ce ya yi kaɗan.

Ga wani abu da ya biyo baya, wanda ban so ku wuce shi. Da na ba shi labarin Curtiss, sai ya gwada yin matakin sosai, da kaifinsa, ya kuma gwada shafe kaifin ya bar ɗagawar baya kawai. Bai ga bambanci ba. Ya ce ashe labarin ƙarya ne. A'a. Ruwan cikin wasa ba ruwa ba ne, lissafi ne da aka taƙaita don waya ta iya ɗauka. Yakan auna yawan abin da ya nutse da yadda ake jansa baya, amma tsotson da ya wahalar da Curtiss ba kowane wasa yake kawo shi ba. Wasu wasannin ma suna barinka ka ja wani ɗan maɓalli ka ƙara wa guntun ƙarfe iyo ba tare da ka ƙara masa girma ba, abin da babu maƙerin da zai iya yi. Ku yi amfani da wasan, amma ku san inda yake yi muku rangwame. Wanda ya san iyakar kayan aikinsa ya fi wanda ya gaskata duk abin da gilashi ya nuna masa, kuma injiniyoyi na gaske da suke gwaji a kwamfuta wannan tambayar suke yi kullum: me aka bari a waje?

Kada ku ce na ce ƙarfi ba shi da amfani. Yana da shi, sai dai yakan zo da 'yan rakiyarsa. A gasar kofin Schneider, wadda aka yi tsakanin 1913 da 1931, Ingila da Italiya da Amurka da Faransa sun yi ta tseren jiragen kan ruwa, injuna suna ta girma. Farfela in tana juyawa gefe guda, jikin jirgi yana so ya murɗa ɗaya gefen, har kwale-kwale ɗaya ya danna cikin ruwa jirgi ya kama kewaya. R. J. Mitchell, wanda jirginsa Supermarine S.6B ya ci kofin a 1931, kuma shi ne daga baya ya ƙera jirgin Spitfire, ya zuba mai a cikin kwale-kwalen, ya sa na gefe ɗaya ya fi ɗaukar mai don ya rama murɗar. Italiyawa suka bi wata hanya, suka sa farfela biyu masu juyawa saɓanin juna a jikin Macchi M.C.72, wanda Francesco Agello ya yi gudun kilomita 709 a awa da shi a 1934. Har yau babu jirgin kan ruwa mai injin fistan da ya wuce wannan. A ɗaya gefen kuma ga Dornier Do X na Jamus, mai inji goma sha biyu, wanda ya ɗaga mutum 169 daga tafkin Konstanz a 1929. Duniya ta yi mamaki, amma da ƙyar yake hawa mita 500, kuma guda uku kawai aka ƙera. Duk injin da ka ƙara, ka ƙara nauyinsa da na man da zai sha, nauyin kuma ya nemi babban kwale-kwale, babban kwale-kwale ya nemi wani injin.

Abin da zai fitar da ku daga wannan kewaye shi ne ku yanke tun farko aikin da jirgin zai yi. Canadair CL-415 na Kanada an yi shi ne don kashe gobarar daji, yana sulɓi bisa tafki ya kamfaci ruwa fiye da lita 6,000 cikin kimanin daƙiƙa 12, shi ya sa fukafukansa manya ne miƙaƙƙu, ba ruwansa da tsere. Twin Otter da ke jigilar baƙi tsakanin tsibiran Maldives aikinsa tashi a ɗan gajeren wuri. ShinMaywa US-2 na Japan don ceto a teku aka yi shi, yana sauka cikin igiyar ruwa mai tsayin mita uku. A lokacin yaƙin duniya na biyu manyan jiragen kan ruwa na kamfanin BOAC suna sauka a Legas, don a zamanin ruwa ya fi dogon filin jirgi samuwa. Kowannensu ya bar wani abu don ya sami wani. Jirgin da kake so ya fi kowa gudu, ya fi kowa ɗaukar kaya, ya kuma sauka a kududdufi, a cikin kanka kawai zai tashi.

Ku nemi ƙaramin littafi, ko da na naira kaɗan ne. Duk gwaji ku canja abu ɗaya tak, ku rubuta abin da kuka canja da abin da ya faru: gudun da ya tashi a kai, nisan da ya ci, ko ya karkata. In kun canja abu uku a tare ya gyaru, ba ku san wanne ya gyara ba, gobe kuma za ku sake faɗawa ramin. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright, masu gyaran keke, a 1901 sun gwada siffar fiffike kusan ɗari biyu a cikin ɗan akwatin iska da suka haɗa da kansu, suna rubuta sakamako, shekara biyu kafin jirginsu ya tashi. Wasan ya ba ku abin da su ba su samu ba, wato ku faɗo sau ɗari ba ku karye ba, ba ku yi asarar kwabo ba. Sai dai arhar faɗuwar ita ce take sa mutum ya daina tambayar dalilinta, ya danna a sake kawai.

Sauke jirgin da wani ya ƙera ba laifi ba ne, in za ku farke shi ku ga yadda ya jera abubuwa. Laifin shi ne ka sauya masa fenti ka ce naka ne. Wannan ba sai na tsawaita ba, kun san sunansa. Haka ma batun lokaci: jirgin zai jira ku, sallah da jarrabawa da aiken Inna ba za su jira ba.

Saura sauka, wadda ta fi tashi wuya. A ruwa babu birki, iska kuma tana juya hancin jirgi duk inda ta ga dama, shi ya sa ake sa 'yan ƙananan sitiyarin ruwa a wutsiyar kwale-kwale. Da yake kwale-kwalen sun ƙara faɗin jiki a gaba, jirgin yakan yi ta waige-waige a sama, sai an ƙara masa wani ɗan fiffike a tsaye ƙarƙashin jela. In kusurwar hanci ba ta yi daidai ba yayin sulɓi, sai ya kama tutsu kamar doki, gaba ta faɗa baya ta faɗa, kowane tsalle ya fi na baya. Abin mamaki, matuƙa sun fi tsoron ruwan da ya kwanta lumui kamar madubi, don ido ba ya iya gane nisansa, sai mutum ya zaci da saura alhali ya iso. Maganinsa a wurinsu shi ne su saita hanci, su bar ɗan wuta, su sauko sannu-sannu suna duban agogon jirgi har su ji ruwa ya taɓa. Masu jirgin da ke da taya da kwale-kwale a haɗe kuma suna da abin da suke faɗa da baki kafin kowace sauka, cewa wannan saukar ruwa ce, tayoyi suna sama, don taya in ta riga kwale-kwale taɓa ruwa, kifewa ce.

Ban gaya wa ɗan 'yar'uwata wannan na ƙarshe ba. Bayan kwana biyu na dawo na tarar ya ƙara wa jirgin tayoyi masu naɗewa, ya tashi daga tudu, ya yi kewaye biyu bisa tsibiri, ya miƙo kan ruwa a hankali, hanci a ɗage yadda ya kamata. Tayoyin suna ƙasa. Jirgi ya yi ƙundumbala ya kwanta rigingine, farfela a cikin ruwa. Na zuba ido in ji ko zai ce wasan ne. Bai ce komai ba. Ya juya kyamara gefe, ya daɗe yana kallon tayoyin nan biyu da suke juyawa a sama, sa'an nan ya jawo wani tsohon littafin lissafi da ya yage rabinsa, ya ce, "Kawu, ara mini bironka."